Maki Biyun da Aka Cire wa Ɗan Faransa a Gasar Zamiyar Ƙanƙara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka sam mini fili a shafin wasiƙu, ko da yake na san abin da na zo da shi ba irin wanda masu karatu suka saba gani ba ne. Shafin wasanni a jaridunmu na Hausa kusan kullum ƙwallon ƙafa ne, in an yi nisa a taɓo dambe. Ni ma da haka nake so, har ranar da aka ja ni da ƙyar zuwa kallon gasar zamiya a kan ƙanƙara ta duniya, wadda aka yi a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada a watan Maris na 2024. Tun daga ranar nake son rubuto maka, sai yanzu Allah ya nufa.

Ni malamin lissafi ne mai ritaya. Na faɗi haka ne don ka fahimci dalilin da ya sa abin da ya fi tsaya mini a rai ba kiɗan ba ne, ba kuma fitilun ba, lissafin maki ne.

Na je ziyarar ’yata ne da ke aiki a can. Ita ta yanki tikiti ba tare da ta tambaye ni ba, na kwana biyu, Alhamis da Asabar. Da ta gaya mini sai na ce ta nemi mai saye, ni ba zan zauna awa huɗu ina kallon mutane suna rawa a kan ƙanƙara ba. Jikata mai shekara tara, wadda ke koyon wasan, ta dube ni ta ce, "Kaka, ai tsoron sanyi kake ji, ka faɗi gaskiya kawai." Wannan maganar ce ta sa na tafi.

Ɗakin da aka yi gasar shi ne Bell Centre, inda ƙungiyar hoki ta birnin take wasanta, yana cin mutum sama da dubu ashirin. Tun 2020 aka shirya yin gasar a nan, cutar korona ta sa aka soke ana saura ’yan kwanaki, don haka mutanen garin sun yi shekara huɗu suna jira. Sanyin wurin ba daga sama yake zuwa ba, daga ƙasa yake tasowa, ya fara kama tafin ƙafa, sannan gwiwa. Bargon da na yi wa ’yata dariya don ta ɗauko shi, a ƙarshe ni na lulluɓa da shi.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne ƙara. A talabijin kiɗa kaɗai ake ji da surutun masu sharhi. A ɗakin kuwa kana jin ƙarfen takalmi yana yankar ƙanƙara, wani irin ƙuuu mai kauri idan mutum ya karya kwana, da ƙwas idan ya soka bakin takalminsa zai yi tsalle, da dim idan ya dira. Kafin a fara, kowane rukuni yana samun minti shida na motsa jiki, kuma a gasar maza mutum shida ne suke shiga tare. A nan na ga gudu. Kyamara tana bin ɗan wasa duk inda ya yi, sai ka ga kamar yana shawagi a hankali. Amma idan kana zaune wuri ɗaya, filin da tsawonsa ya kai mita sittin sai ka ga an cinye shi kafin ka gama juya wuya, kuma yawancin gudun da baya-baya ake yinsa, mutum yana waiwaye ta kafaɗa. Sau biyu na riƙe numfashi ina ganin za a yi karo. Ba a yi ba.

Jikata ce malamata a wannan zama. Ita ta nuna mini cewa ƙarfen da ke ƙasan takalmin bai fi kaurin milimita huɗu ba, kuma ba kaifi ɗaya gare shi ba. An fafe tsakiyarsa, sai ya zama yana da kaifi biyu, na ciki da na waje, a gaba kuma akwai haƙora kamar na zarto. Duk wasan a kan waɗannan kaifi biyu yake. Tsalle iri shida ne. Uku ana soka haƙoran a ƙanƙara a tashi, uku kuma daga kan kaifi ake tashi ba tare da an soka komai ba. Na yi iya ƙoƙarina in bambanta su, na kasa, sai guda ɗaya. Ta ce, "Kaka, duk wanda ka ga ya fuskanci gaba ya tashi, Aksel ne. Sauran duk da baya ake tashi." Sunan wani mutumin Norwe ne, Axel Paulsen, wanda ya fara yin sa a 1882. Tunda da gaba ake tashi kuma da baya ake dira, akwai ƙarin rabin juyi a cikinsa. Wanda ake kira mai uku, uku da rabi ne. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daren Alhamis aka yi zagayen ƙarshe na ’yan bibbiyu, mace da namiji. Wannan ɓangaren ya fi ban tsoro. Namijin yakan ɗaga macen sama da kansa da hannu ɗaya yana gudu yana juyawa. Yakan cilla ta sama ta wulwula sau uku ya cafke ta a ƙugu. Yakan jefa ta gaba, ta yi juyi a iska ta dira ita kaɗai a kan ƙafa ɗaya, nesa da shi. Akwai kuma wanda yake tsayawa wuri ɗaya riƙe da hannunta, ita kuma tana kewaya shi a kwance, kanta na neman taɓa ƙanƙara. Ba hular kwano, ba katifa.

Waɗanda suka ci zinare ’yan gida ne, Deanna Stellato-Dudek da Maxime Deschamps. Shekarar matar arba’in a lokacin, kuma ba a taɓa samun macen da ta zama zakaran duniya a wannan wasa da irin waɗannan shekaru ba. Tana yarinya ta yi fice, ta ci azurfa a gasar matasa ta duniya a 2000, ciwon ƙugu ya sa ta ajiye takalmi, ta yi kusan shekara goma sha shida tana wata sana’a dabam, sannan ta dawo. Wata dattijuwa da ke zaune a gabana ta yi ta kuka har kafaɗunta na rawa. Amma a daren ne na fara rigima da allon maki, domin ’yan Japan, Riku Miura da Ryuichi Kihara, sun fi su maki a wasan da na gani da idona, kuma aka ce su ne na biyu. Sai da ’yata ta tuna mini cewa zagaye biyu ake haɗawa, gajere na minti biyu da sakan arba’in wanda aka yi jiya ba mu zo ba, da dogo na minti huɗu. Na yi shiru. Ni da na shekara talatin ina haɗa makin gwaji da na jarrabawa.

Da muka koma gida na sa aka buɗe mini takardun maki, domin hukumar wasan ta duniya, ISU, tana fitar da su fili kowa ya gani. Malam Edita, ban taɓa ganin tsarin ba da maki mai tsauri irin wannan ba. Kowane tsalle, kowane juyi, kowane jerin taku yana da farashinsa a rubuce tun kafin a shiga fili. Akwai kwamitin ƙwararru da aikinsu kawai su faɗi abin da aka yi, kuma suna maido hoton a hankali su duba ko juyin ya cika a iska ko an ƙarasa shi a ƙasa. Idan ya rage rabin juyi, ana mayar da tsallen matsayin wanda ke ƙasa da shi. Sannan alƙalai tara, kowa ya ba da hukuncinsa kan kyan aikin, daga ragin biyar zuwa ƙarin biyar. A cire mafi yawa, a cire mafi ƙaranci, a ɗauki matsakaicin bakwai da suka rage. Tsalle uku na ƙarshe, idan an yi su a rabi na biyu na dogon zagaye lokacin da ƙafa ta gaji, suna da ƙarin kashi goma cikin ɗari. Wannan rabi ɗaya ke nan. Ɗaya rabin kuma maki ne na tsarin wasan, da yadda aka gabatar da shi, da gwanintar sarrafa kaifi. Faɗuwa kuma a cire maki ɗaya, ban da asarar da tsallen kansa ya jawo.

Ba haka kawai aka tsaurara ba. A da maki shida ne ƙololuwa, alƙali ya ɗaga abin da ransa ya ba shi. A gasar Olamfik ta 2002 a Salt Lake City aka ba ’yan Rasha zinare a kan ’yan Kanada, sai wata alƙaliya ’yar Faransa ta ce an matsa mata lamba. Abin ya zama abin kunya har aka ba ɓangarorin biyu zinare, bayan shekara biyu kuma aka kawo wannan tsari. Ka ga ke nan mutanen da nake zaune a cikinsu suna da tsohon miki game da alƙalai.

Ranar Asabar, zagayen ƙarshe na maza, na shiga da biro da takarda a aljihu.

Mutum ashirin da huɗu ne suka tsallake zuwa wannan zagaye, rukuni huɗu, kuma waɗanda suka fi ƙarancin maki su ake fara sakawa. A lokacin rukunin farko mutane da yawa ba su ma gama zama ba. A cikin wannan rukuni akwai Adam Siao Him Fa na Faransa, zakaran Turai, wanda ya lalata gajeren zagayensa ranar Alhamis har ya faɗo na goma sha tara. Hausawa na cewa tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ko ya yi dubu ba ya fita. Wannan yaron cikin minti huɗu ya fita. Ya dinga jera tsalle masu juyi huɗu yana dira kamar an dasa shi. Can wajen ƙarshe, yana cikin gudu da baya, sai kawai na ga ƙafafunsa a sama kansa a ƙasa. Alkafura ya yi ta baya, a kan ƙanƙara, da wuƙaƙe a ƙafa. Ɗakin ya ɗauki ihu, ni ma ban san lokacin da na miƙe ba, bargo ya zame ƙasa.

Da maki ya fito sai na ga an rubuta ragin biyu. Na ce wa ’yata, "Me ya yi? Ai bai faɗi ba." Ta ce, "Baba, alkafurar ce. An haramta ta." Na ce to abin da ya fi burge mutum dubu goma sha wani abu shi ne laifi? Ta ce shi ma ya sani, da gangan ya yi.

Na bi tarihin abin daga baya. Wani Ba’amurke, Terry Kubicka, ya yi alkafurar a Olamfik ta 1976 a Innsbruck, bayan nan hukumar ta hana, saboda haɗari. A Olamfik ta 1998 a Nagano, Surya Bonaly, baƙar fata ’yar Faransa, tana fama da ciwon agara kuma ta san lambar yabo ta kuɓuce mata, ta yi alkafurar ta dira a kan ƙafa ɗaya, aka rage mata maki, ta ƙare ta goma. Har yau sunanta ake ambata idan an tuna wannan gasa.

Ga ra’ayina, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Alƙalan Montiriyal ba su yi zalunci ba. Doka ta ce a cire biyu, sun cire biyu. Na sha cire wa ɗalibi maki don ya bi hanyar da takardar gyara ba ta sani ba, raina yana ƙuna, domin idan kowane mai gyara ya bi abin da ya burge shi, to mun koma 2002. Amma dokar ita kanta ba ta da kai. Ta yaya za a ce alkafura ta yi haɗari, alhali a daren Alhamis ɗin nan na ga ana jefa mace ta dira a kan ƙarfe mai kaurin milimita huɗu, kuma maki ake ƙara wa wanda ya fi jefawa da nisa? In haɗari ake gudu, a fara daga can. Wata uku bayan gasar, a taronta na watan Yuni, hukumar ta ɗage haramcin. Ba a ba alkafura farashi ba, amma an daina cire maki. Kusan rabin ƙarni aka ɗauka kafin a gyara layi ɗaya a littafin doka.

Shi kuwa Adam, haka aka yi ta shiga ana fita, mutum bayan mutum, sunansa na nan a saman allo. Tsakanin rukuni na biyu da na uku aka shigo da motar gyaran ƙanƙara, tana kankare saman tana zuba ruwan zafi, duk zanen da takalma suka yi ya shafe, fili ya koma kamar madubi. Na ji daɗin kallon motar nan fiye da yadda ya kamata ga mutum mai shekaruna. Aka dawo, har yanzu shi ne a sama. Sai a rukunin ƙarshe aka samu mutum biyu suka wuce shi. Daga na goma sha tara zuwa tagulla.

A wannan rukunin na ga abin da ban saba gani a filin wasa ba. Shoma Uno na Japan, wanda ya ci gasar a 2022 da 2023 kuma shi ke kan gaba bayan gajeren zagaye, ya faɗi a tsallensa na farko. Faɗuwa a kan ƙanƙara ba kamar a kan ciyawa ba ce, kana jin ƙarar ƙashi ya bugi abu mai tauri, mutum ya zame a kwance. Ɗakin ya yi "aah" gaba ɗaya, sannan nan take aka fara tafi, tun kafin ya gama miƙewa. Na zaci ba’a ake masa. Ashe al’adar masu kallon ce, duk wanda ya faɗi a tafa masa ya tashi, ko daga wace ƙasa yake. Na ga mata ’yan Japan da jaka cike da tutocin ƙasashe daban-daban, duk wanda aka kira su zaro tutar ƙasarsa su ɗaga. Kiɗa ba ya tsayawa don ka faɗi, ba mai shigowa da akwatin magani, ba a ƙara maka lokaci. Uno ya ƙare na huɗu, maki uku da ɗoriya a bayan Adam, ko bayan cire biyun nan. A watan Mayu ya sanar da barin gasa.

Sai Ilia Malinin, Ba’amurke ɗan shekara goma sha tara, wanda iyayensa biyu suka yi wa Uzbekistan wannan wasa. Jikata ta kama hannun rigata tun kafin kiɗa ya fara. Ta ce, "Kaka, kada ka kalli komai, ka kalli na farko." Ya zagayo, ya fuskanci gaba, ya tashi. Aksel mai huɗu, wato juyi huɗu da rabi, cikin abin da bai kai sakan ɗaya ba. Gaskiya ido ba ya iya ƙirgawa. Abin da na gani shi ne ya daɗe a sama fiye da kowa, ya kuma dira nesa da inda ya tashi. Shi ne mutum na farko da ya taɓa yin wannan tsalle a gasa, a watan Satumba na 2022. Bayan shi ya ƙara wasu biyar masu juyi huɗu, shida ke nan a zama ɗaya, babu wanda ya goce. Minti na ƙarshe ban ji kiɗan ba sam saboda ihu. Da ya gama sai ya zube a kan ƙanƙarar ya riƙe kansa. Maki 227.79 a dogon zagaye, wanda ya karya tarihin da ɗan wasa Nathan Chen ya kafa na 224.92. Jimillar zagaye biyun 333.76. Yuma Kagiyama na Japan, wanda a ganina ya fi kowa iya tafiya a kan kaifi, har ba ka jin ƙarar takalminsa sosai, ya zo na biyu da tazarar maki sama da ashirin.

A nan ma ina da ƙorafi, kuma na lissafi ne. Farashin Aksel mai huɗu 12.5 ne. Farashin wani tsallen da ake kira Luz, mai juyi huɗu, wanda mutane da dama suke yi, 11.5 ne. Maki ɗaya tak tsakanin abin da mutum ɗaya a duniya ya iya da abin da ake gani a kowace babbar gasa. Da ni ne na tsara takardar gyara haka, da shugaban sashe ya dawo mini da ita.

Bayan kowane ɗan wasa ya gama, masu kallo kan jefa ’yan tsana da furanni a naɗe cikin leda, ƙananan yara a kan takalman zamiya su fito da gudu su tsince. Jikata ta zo da nata ɗan tsana, ta ba ni in jefa tunda hannuna ya fi tsawo. Daga inda muke zaune ya sauka a kan wani bawan Allah layi shida a gabanmu. Bai ko waiwayo ba, ya ɗauka ya ƙara cilla shi gaba, wani ma ya ƙara, har ya isa.

Na san wasu masu karatu za su ce tufafin da matan ke sakawa fa? Ni ma ban ji daɗin wasu ba, kuma ban ɓoye wa ’yata ba. Amma doka ba ta tilasta gajeren siket ba, mace na iya saka wando, kuma na ga waɗanda suka rufe jikinsu har wuyan hannu.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ɗan kaɗan ne. Ana yin wannan gasa duk shekara a watan Maris, tun 1896 aka fara, kuma wasan ya shiga Olamfik tun 1908. Idan lokacin ya zagayo, a ba shi ko da sakin layi uku ne a ƙasan shafi. In za a rubuta, kada a ce "rawa a kan ƙanƙara", domin rawar ɓangare ɗaya ce cikin ɓangarori huɗu na gasar, kuma ita ce ma ba a yin manyan tsalle a cikinta. A kuma kawo makin a rabe, na fasahar aiki dabam, na gabatarwa dabam, da abin da aka cire in akwai, don mai karatu ya ga inda aka ci da inda aka faɗi. Takardar makin Malinin tana nan a wurina, na sake lissafa ta layi-layi da biro, na cire babba na cire ƙarami, kuma ta fito daidai da ta alƙalan. Idan mai kula da shafin wasanni yana so, zan aiko masa da bayanin yadda ake karanta ta, bai fi shafi ɗaya ba.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani malamin lissafi mai ritaya